Digiri a kan wake ba abin dariya ba ne

A wata walimar aure da aka yi a Kubwa kwanakin baya, an gabatar mana da wani matashi, aka ce yana karatun digirin digirgir a Samaru ta Zariya, kuma a kan wake yake bincikensa. Wani dattijo da ke kusa da ni, tsohon ma'aikacin gwamnati mai mutunci, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Yaro, wake kuma? Ai kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma rumbunta bai taɓa rabuwa da wake ba." Mutane suka taya shi dariya. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba," bai ƙara komai ba.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne. Haka da yawanmu a Abuja muke kallon mai binciken iri. Likita muna ganin aikinsa, injiniya muna taka gadarsa, amma wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsugune cikin gonar gwaji yana ƙirga furen wake, sai mu ɗauka ya rasa abin yi ne.

Ni a ganina, mai gyaran irin wake yana cikin mutanen da suka fi amfanar talakan ƙasar nan, kuma babban kuskurenmu shi ne mun bar ɗaukar nauyin aikinsa a hannun baƙi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne. Gidan da nama ya gagara, ƙosai da alala da ɗanwake da garau-garau ne ke riƙe da yaransa. Harawa kuma ita ke fitar da tumaki da awaki daga rani. Abin da yake da wannan matsayi bai kamata a bar gyaransa ga sa'a ba.

Mutumin da ake kira "Mista Wake"

Bari in ba da misali da mutum guda, domin rayuwarsa ta fi kowace hujja bayyana abin da nake nufi.

Dakta B.B. Singh ɗan ƙasar Indiya ne. Ya yi digirinsa na digirgir a Jami'ar Ilinois ta Amurka, ya koma gida ya yi shekaru yana gyaran irin waken soya a jami'ar noma ta Pantnagar. A 1979 ya zo Najeriya ya kama aiki da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, aka ɗora shi kan wake. Daga baya ya koma reshen cibiyar na Kano, inda waken yake da gaske, ya zauna can har ya yi ritaya a 2006. Shekara 27 ke nan a kan tsiro ɗaya. Abokan aikinsa a duniya har suna suka sa masa, suna ce masa Mista Wake.

Me ya yi a waɗannan shekaru? Abu na farko da aka fi saninsa da shi shi ne wake mai saurin nuna. Wakenmu na gado, irin su Kanannado, yana yaɗo ya cika gona da ganye, amma ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, manomi ya tashi da harawa kaɗai. Singh da abokan aikinsa suka fitar da iri mai tsayuwa a miƙe, wanda bai damu da tsawon yini ba, yana nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye cikin watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, ya san darajar abin da za a girbe bayan wata biyu da shuka.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya sa nake girmama shi. Ya lura manomin arewa ba ƙwaya kaɗai yake so ba, yana son harawa ma, domin dabbobinsa su ne asusunsa. Sai aka juya ga fitar da iri mai ba da duka biyun. Ya kuma duba yadda ake cusa wake ƙarƙashin dawa da gero, inuwa ta danne shi, ya ba da shawarar a riƙa shuka layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, domin waken ya sami rana, a kuma iya yi masa feshi ba tare da ɓarnar magani ba. Irin da ya fito daga hannunsa an ba manoma shi a gomman ƙasashe, a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka.

Labarin iri guda

Amma inda tasirinsa ya fi fitowa fili shi ne yaƙi da wuta-wuta, ciyawar da ke rayuwa a jikin saiwar wake.

Manomi ya san ta. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, suna iya kwanciya cikin ƙasa shekaru da yawa suna jira. Da zarar saiwar wake ta kusanto sai su tsiro, su manne mata, su riƙa tsotse ruwa da abinci tun daga ƙarƙashin ƙasa. Kafin ka ga kanta a sama, ta riga ta gama ɓarna. Nome ciyawa ba ya maganinta, domin ɓarnar a ɓoye take. Akwai gonakin da aka daina shuka wake a cikinsu saboda ita.

An gano wani waken gargajiya daga ƙasar Botswana, mai lamba B301, wanda wuta-wuta ba ta iya kama shi. Sai dai ƙwayarsa ƙanana ce, ba irin wadda kasuwarmu ke so ba. Singh da Farfesa A.M. Emechebe na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru suka yi nazarin yadda wannan juriya ke bin gado, suka wallafa a 1990 cewa ƙwayar gado ɗaya ce mai rinjaye ke ɗauke da ita. Ga mai karatu na gari wannan takarda ce kawai. Ga mai gyaran iri kuwa albishir ne, domin halin da ƙwayar gado ɗaya ke ɗauke da shi yana da sauƙin ɗaukowa a saka cikin wani iri.

Sauƙin nan fa na masu bincike ne, ba irin namu ba. Furen wake kansa yake yi wa barbara, don haka sai an buɗe furen da hannu tun bai buɗe ba, a cire sashen namiji, a kawo garin wani furen a shafa masa, a ɗaura alama. Abin da ya fito a shuka shi, a zaɓi masu kyau cikin ɗaruruwa, a sake shukawa, a sake zaɓa, zuriya bayan zuriya, har halin ya zauna daram. Sannan a kai gwaji wurare daban-daban, a gonakin cibiya da na manoma, shekara da shekaru, kafin kwamitin ƙasa ya amince a fitar da shi. Galibi shekara takwas zuwa goma ke nan, idan komai ya tafi daidai.

Daga irin wannan aiki aka sami wani wake mai lamba IT97K-499-35. A Kano aka zaɓo shi a 1997. A 2008 aka ba manoman Najeriya shi da sunan SAMPEA 10, fari ne, mai saurin nuna, kuma wuta-wuta ba ta cin sa. A 2019, da masana a Jami'ar Kalifoniya ta Riverside da abokan aikinsu suka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwayoyin gadon wake, wannan irin na Kano suka yi amfani da shi, don haka duk mai binciken wake a duniya yau da shi yake auna nasa. A wannan shekarar dai aka amince da SAMPEA 20-T, waken da ke jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, wanda Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku na Samaru ya jagoranci aikinsa, kuma a kan wannan irin dai aka gina shi.

A lissafa: daga takardar 1990 zuwa 2019 shekara 29 ce. Wanda ya fara aikin ya yi ritaya ya bar ƙasar tun kafin a kai rabin amfanin. Mai gyaran iri kamar mai dasa giginya yake, ya san da wuya ya daɗe yana shan inuwarta. Wannan ne nake kira tasiri, kuma ba a ganin sa cikin wa'adin minista ɗaya.

Ya kuma bar mutane. Ɗalibai da yawa daga Najeriya da Gana da Nijar da sauran ƙasashen yankin sun yi binciken digirinsu a ƙarƙashinsa, wasu suka koma suka riƙe aikin wake a ƙasashensu. A Kano, Dakta Ousmane Boukar ya ci gaba da aikin bayansa. Malamin da ya tafi aikinsa bai tsaya ba, shi ne ya koyar da gaske.

"To, me ya sa mudun wake ya gagare mu?"

Wannan ce tambayar da za a fara jefo mini, kuma tambaya ce ta gaskiya. A 2024 farashin wake ya ninka fiye da biyu cikin shekara guda. Matan da ke soya ƙosai a Nyanya da Mararaba sun rage girmansa, wasu sun ajiye kaskon gaba ɗaya. Mai cefane a kasuwar Wuse ko Utako yana da haƙƙin ya ce, ina amfanin binciken?

Amsata ita ce, iri ba ya shuka kansa. Ingantaccen wake na iya ba da tan ɗaya da rabi zuwa biyu a hekta idan an kula da shi, alhali manomi da yawa da ƙyar yake haɗa rabin tan. Tazarar da ke tsakanin nan ba laifin mai bincike ba ce. Manomin da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa a Zamfara ko Katsina ko Neja bai shuka komai ba, tsoho ko sabo. Kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin fetur a 2023, kuma buhun da ya taso daga kasuwar Dawanau ta Kano sai ya biya wannan kuɗin kafin ya sauka Abuja. Malaman gona da ya kamata su kai wa manomi labarin sabon iri sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage ma ba su da abin hawa. Manomi da yawa har yau hatsin kasuwa yake saya ya shuka da sunan iri.

Tsadar wake hujja ce a kan cewa mun kasa isar da abin da aka riga aka gano. Da babu iri mai saurin nuna da mai jure wuta-wuta, da halin da muke ciki ya fi haka muni.

"Namu na gado ya fi daɗi"

A nan ina tare da masu faɗin haka zuwa wani mataki. Mai ƙosai ta san waken da ke kumbura da wanda ke shan mai. Uwargida ta san wanda ke dahuwa da wuri bai cinye mata gas ba. Akwai kasuwar da sai manyan ƙwaya farare, akwai wadda sai ja. An sha fitar da iri mai yawan amfani a gonar gwaji, manoma suka ƙi shi saboda launinsa ko ƙanƙantar ƙwayarsa, kuma suna da gaskiya.

Sai dai maganin wannan shi ne a ƙara kusanto da mai bincike wurin mai dafawa da mai sayarwa, su zauna tare tun lokacin zaɓe. Kuma kada mu manta, masu binciken ne ke adana irin gadon nan da muke alfahari da shi. Ma'ajiyar iri ta IITA a Ibadan tana riƙe da nau'o'in wake sama da 15,000 da aka tattaro daga ƙasashe da yawa. Waken da ya ɓace a wani ƙauye saboda fari ko gudun hijira, mai yiwuwa can kaɗai za a same shi. Juriyar wuta-wuta kanta ai daga waken gargajiyar wasu manoma aka samo ta. Ilimin kaka da na jika ba kishiyoyi ba ne, ɗaya ne ke ciyar da ɗaya.

Batun GMO

Ba zan kauce masa ba, wato batun tsirran da aka sauya wa ƙwayoyin gado a ɗakin gwaji. SAMPEA 20-T iri ne da aka saka wa ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, wadda ke kashe tsutsar Maruka mai cin fure da kwanso. Tsutsar nan na iya lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona idan ta yi yawa, kuma an daɗe ana neman juriyarta cikin nau'o'in wake ba a samu mai ƙarfi ba. Masana a Ostareliya ne suka yi aikin saka ƙwayar gadon, aka fara gwaji a killataccen wuri a Samaru a 2009, hukumar NBMA da ke nan Abuja, mai sa ido kan irin waɗannan tsirrai, ta amince a 2019. Mutane da yawa suna da fargaba, har Majalisar Wakilai ta ɗauki batun irin waɗannan tsirrai a 2024.

Tambaya a kan abin da za mu ci halal ce, kuma bai kamata a raina mai yin ta ba. Amma a sa ɗaya ɓangaren ma a ma'auni. Manomin wake kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina guda, sau da yawa ba takalmi ba abin rufe hanci, wani lokaci yaro ne ke goye da tankin. Da wannan iri feshi biyu ya isa, don sauran ƙwarin da bai shafa ba. Kuma tun da wake kansa yake yi wa barbara, manomi na iya ajiye irinsa ya sake shukawa. Idan muna shakkar sakamakon da wasu suka kawo, hanyar fita ita ce mu sami namu masanan da ɗakunan gwaji masu kayan aiki, waɗanda za su auna su faɗa mana gaskiya ba tare da jiran kuɗin kowa ba. Ƙasar da ba ta horar da masu ilimin ƙwayoyin gado ba, ba ta iya cewa e ko a'a da hujja.

Wani abin da ya kamata ya fi tayar mana da hankali yana faruwa a rumbu da shago. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Waken da suka ƙi, mu muke ci. Alhali tun wajajen 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai rufi uku, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba ɗigon guba. Shi ma ɗan bincike ne.

Inda laifinmu yake

Za a ce, ai Singh baƙo ne, cibiyarsa ta duniya ce, kuɗin ma daga waje yake. Gaskiya ne, kuma nan ne ciwon yake.

Ba ni da matsala da asalin mutumin da ya ba ƙasar nan shekara 27 na rayuwarsa. Matsalata ita ce, abincin da muka fi kowa nomawa da ci, manyan ayyukan gyaransa sun daɗe suna dogara da masu ba da tallafi. Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyin wasu, hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyin wasu, ciki har da aikin waken da ke jure tsutsa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID. Kowa ya ga yadda shawarar da aka yanke a wata ƙasa ke iya tsayar da aiki a tamu. Gyaran iri kuwa ba ya jure katsewa. Idan aka rasa kuɗin shuka zuriya ɗaya, ko wuta ta ɗauke a ɗakin sanyin da ake ajiye iri har ya lalace, aikin shekara biyar na iya tafiya.

Samaru ta fara aiki a matsayin tashar bincike tun 1922, ta girmi 'yancin ƙasar kanta. Muna da masana, Farfesa Ishiyaku da ire-irensa sun nuna haka. Abin da ba mu da shi shi ne haƙurin biyan kuɗin aikin da ba za a yanke masa ƙyalle cikin shekara huɗu ba. A 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo cewa za su ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma. Kason da tarayya ke ba noma ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma abin da ke isa cibiyoyin bincike yawancinsa albashi ne, ba kuɗin man tarakta da na gwaji ba.

Jami'o'inmu ma suna da nasu kason. Malami yana samun ƙarin girma ne da yawan takardun da ya wallafa. Ba na raina takarda, na riga na nuna abin da ta 1990 ta haifar. Amma tsarin da ke fifita wanda ya tara gajerun takardu a kan wanda ya yi shekara goma ya fitar da iri guda da manoma ke rububi, tsari ne da ke korar masu hazaƙa daga gona. Matashi mai basira zai duba ya ga hanyar da ta fi sauri, ya bi ta, ko ya nemi gurbi a waje ya tafi.

Ofisoshin da za su iya gyara wannan duk suna nan garin da muke zaune: ma'aikatar noma, majalisar kula da binciken noma ta ARCN, hukumar iri ta ƙasa, asusun TETFund, da kwamitocin noma na majalisa. Abin da nake nema daga gare su bai fi ƙarfinsu ba. A ware wa aikin gyaran wake kuɗi na shekara goma a jere, wanda sauyin minista ba zai taɓa ba. A lissafa irin da aka fitar kuma manoma suka karɓa cikin ma'aunin ƙarin girman malami, da nauyin da ya dace da shi. A tallafa wa ƙananan kamfanonin iri da ƙungiyoyin manoma su yawaita ingantaccen iri kusa da ƙauyuka, a ƙananan ƙunshi da talaka zai iya saya. Jihohin da suka fi noman wake, irin su Kano da Jigawa da Borno da Gombe, su ɗauki nauyin karatun matasan da za su gaji masu shirin ritaya, su kuma tanadar musu aiki idan sun gama.

Akwai gaggawa a ciki, domin damina na ƙara rikicewa, zafi na ƙaruwa, kuma wuta-wuta kanta iri-iri ce, wadda wani wake ke jurewa a wannan yanki ba lallai ita ce ke wancan ba. Ƙwarin da ke tsotse kwanso har yanzu sai da feshi. Waken da zai amsa waɗannan matsaloli nan da shekara goma, a daminar bana ya kamata a haɗa iyayensa, kuma sai an biya wanda zai haɗa su.